"Ya raina ni": hukuncin da ake yankewa kafin hannu ya tashi

A watan Afrilu, lokacin da zafin Garwa, a arewacin Kamaru, ke haura digiri 40, tsaya da azahar a kowace mahaɗar hanya kusa da babbar kasuwa ka zuba ido. Ba za ka daɗe ba za ka ga abin da kowa ya saba gani: ɗan kilando, wato ɗan acaɓa, ya kutsa, madubinsa ya gogi hannun wani, ko tayarsa ta taɓa ta ɗan'uwansa. Ba wanda ya ji ciwo, ba abin da ya fashe. Amma kafin fasinja ya gama sauke ƙafa an riga an ci kwalar riga. In jama'a suka raba, ka ja ɗayansu gefe ka tambaye shi me ya yi zafi haka, zai ce maka, "Ai da gangan ya yi, raini ne." In ka sake samunsa bayan la'asar ya huce, sai ya ce, "Wallahi zuciya ce ta ɗebe ni."

Amsar ta biyu ita muka fi yarda da ita, domin tana ɗauke wa kowa nauyi. Tana nuna fushi kamar ruwan kogin Mayo Kaliao a Marwa: da safe yashi ne busasshe yara na ƙwallo a kai, da yamma ruwa ya cika shi, ba wanda ya kira shi. Ni kuwa ta farkon ce ta fi ɗaukar hankalina. "Da gangan ya yi" hukunci ne. An gurfanar da mutum, an saurari shaida, an same shi da laifi, duk a cikin ƙiftawar ido, kuma alƙalin kansa bai san ya zauna shari'a ba. Marin da ya biyo baya zartar da hukuncin ne kawai.

Hujjar wannan tana cikin gidanmu. Bafulatani ya gamu da Babarbare a kasuwa ya ce masa, "Bawana, yau kuma me ka sato?" sai dariya ta ɓarke, wataƙila har a raba goro. Kalmomin nan su ɗin dai, in baƙo ne ya furta su, sai an dangana da ofishin jandarma. Haka abin yake tsakanin taubasai, haka tsakanin jika da kaka. Kunne ya ji abu guda, jiki ya amsa iri biyu, saboda kafin maganar ta isa zuciya an riga an raɗa mata suna: wannan wasa ne, wancan cin fuska ne. Ba wanda ke tsayawa lissafi kafin ya yi dariyar. Tun yarinta aka koye ta har ta zama jiki. To idan sabo ne ke raɗa sunan, ana iya sauya sabon? Shekaru sama da arba'in ke nan masana halayyar ɗan Adam suna bin wannan tambaya, kuma abin da suka samo ya fi ƙarfin a yi watsi da shi, bai kuma kai a yi masa guɗa ba.

A 1980 wani masani Ba'amurke, Kenneth Dodge, ya yi wani gwaji da yara maza 'yan firamare, wasu an san su da faɗa, wasu ba ruwansu. An ba kowane yaro gutsattsarin hoto ya harhaɗa don ya ci kyauta, sai aka sa ya ji cewa wani yaro ya wargaza masa aikin. Wani lokaci a fili yake cewa mugunta ce. Wani lokaci a fili yake cewa garin taimako ne abin ya rushe. Wani lokaci kuma ba a san dalili ba. Inda muguntar ta fito fili, duka yaran sun rama. Inda kyakkyawar niyya ta fito fili, har mafaɗatan sun kame. A wuri na uku kaɗai aka rabu: mafaɗatan suka ɗauki rashin sani a matsayin mugunta, sauran suka ɗauke shi a matsayin tsautsayi. Ashe yaro mafaɗaci ba makaho ba ne ga alheri, yana ganinsa in ya bayyana. Inda yake tuntuɓe shi ne wurin da babu tabbas, kuma mafi yawan abin da ke faruwa a kasuwa da kan titi da tsakar gida a nan yake: gaisuwar da ba a amsa ba, kallon da ya ɗan daɗe, dariyar da aka yi daidai lokacin da ka shigo, saƙon WhatsApp da aka karanta aka yi shiru.

Kada a ce halin yaran Amurka ne. A 2015 Dodge da abokan aikinsa sun fitar da sakamakon bin yara 1,299 a ƙasashe 9, ciki har da Kenya da Jodan da Italiya da Sin. A ko'ina abin ɗaya ne: duk sa'ad da yaro ya ɗauka da gangan aka yi masa, ya fi kusa da cewa zai rama. Abin da ya bambanta tsakanin wuri da wuri shi ne yawan yadda yara ke saurin ɗaukar hakan.

Daga ina sabon yake zuwa? Hausawa sun riga sun faɗa: wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Seth Pollak na jami'ar Wisconsin ya riƙa nuna wa yara hoton fuska da ke fitowa sannu a hankali daga dishi-dishi. Yaran da suka sha duka a gida sun riga sauran gane fuskar fushi tun hoton bai gama fitowa ba. Idonsu ya ƙware ne a kan abin da ya taɓa ceton su. Yaron da ya tashi yana auna fuskar uba daga bakin zaure don ya san ko yau akwai bulala, ko almajirin da ya koyi gane wace ƙofa ce za a kore shi da tsawa, ko matashin da ya girma a garuruwan bakin iyaka na jihar Arewa Mai Nisa ta Kamaru tun 2014, cikin hare-haren Boko Haram, inda baƙuwar fuska a kasuwa kan iya zama ajali, ba wauta ce ta sa yake munana zato ba. Darasi ne ya haddace. Matsalar ita ce ya haddace shi fiye da kima, yana karanta shi har a inda ba a tambaye shi ba. Shi ya sa nake ɗari-ɗari da karin maganar nan ta "labarin zuciya a tambayi fuska". Fuska tana ba da labari, amma mai tambayar ma da nasa labarin yake zuwa.

Akwai wani bincike na 2007 da ya ba ni mamaki. Benjamin Wilkowski da abokansa sun yi amfani da na'urar da ke bin motsin ƙwayar ido, suka nuna wa mutane zane-zanen al'amura masu harshen damo. Kowa zai zaci masu saurin fushi za su kafa ido a kan alamar mugunta. Sai aka ga sun fi daɗewa suna kallon alamar da ke nuna ba da gangan ba ne. Bayanin da masu binciken suka bayar shi ne hukuncin ya riga kallon: mutumin ya gama yanke cewa mugunta ce, sai alamar kuskuren ta zame masa abin da bai dace da labarin ba, yana ta juya ta. Wanda ya taɓa ba mai fushi haƙuri ya san wannan. Ka ce masa, "Ai ka ga ya ɗaga maka hannu," ya ce, "Ɗaga hannun ma na rainin wayo ne."

Bayan fassara sai tuƙa. Abin ya wuce da minti ɗaya, amma mutum ya ɗauke shi ya tafi da shi gida, yana maimaita shi a kan babur, a wurin alwala, a kan tabarma, kowane zagaye yana ƙara masa gishiri. A nan ne shawarar da matasa ke ba juna ta "fitar da abin da ke ranka" take yin ɓarna. Brad Bushman ya gwada ta a 2002 da ɗalibai kusan 600. An fusata su ta hanyar kushe rubutunsu, sai aka ce wasu su naushi buhun 'yan dambe suna tuna wanda ya kushe su, wasu su nausa suna tunanin motsa jiki, wasu su zauna shiru na minti biyu. Waɗanda suka nausa suna tuna mutumin su suka fi kowa fushi da ramuwa daga baya, kuma zama shiru ya fi naushin amfani. A 2024 Bushman da Sophie Kjærvik suka tattara bincike 154 da ya shafi mutum sama da 10,000, sakamakon bai sauya ba: abin da ke kwantar da jiki, kamar jan numfashi a hankali, yana rage fushi, abin da ke ƙara tayar da jini kuwa ba ya ragewa.

To yaya ake horon sauya wannan sabo? Hanya ta farko ido take nufa. A fuskar kwamfuta hotuna biyu ke bayyana na ɗan lokaci, fuska mai fushi da fuska mai sakin rai, sai su ɓace, ɗigo ya fito a gurbin ɗaya, kai kuma ka danna da sauri. In aka shirya ɗigon kullum yana fitowa a bayan fuskar da ba ta fushi, bayan ɗaruruwan zagaye ana sa ran ido zai daina rugawa wurin barazana. Colin MacLeod da abokansa ne suka fito da asalin wannan dabara a matsayin ma'auni a 1986, a kan masu yawan fargaba, daga baya aka mai da shi horo. Ba zan daɗe a kansa ba, domin da aka faɗaɗa gwaje-gwajen amfaninsa ya yi ta raguwa, har ma'aunin kansa ya sha suka.

Hanya ta biyu, wadda ta fi ƙwari, fassarar take nufa. A jami'ar Bristol ta Ingila, Ian Penton-Voak da abokansa sun ɗauki fuska guda suka yi mata hotuna 15, daga fara'a tsantsa zuwa fushi tsantsa, na tsakiya kuwa ba ka iya rantsuwa a kansu. Kowane mutum yana da inda yake ja layi ya ce daga nan fushi ya fara. Sai a auna layinka, sannan a riƙa nuna maka hotunan, in ka kira na kusa da layin fushi kwamfuta ta ce a'a, fara'a ce. A hankali layin yana matsawa. A rahotonsu na 2013, matasa 46 da ake fargabar za su faɗa aikata laifi sun shiga gwajin, kuma waɗanda aka yi wa horon na gaske sun rage faɗa a makonni biyu da suka biyo baya, bisa shaidarsu da ta ma'aikatan da ke kula da su. Akwai kuma irin wanda ake yi da jimloli: a ba ka ɗan labari, misali wani ya bangaje ka a layi, a sa ka cike ƙarshensa da dalili maras mugunta, sau da yawa har ya zama shi ke fara zuwa maka.

Sai dai mutum 46 da mako biyu ba su isa a kafa gini a kansu ba. Da aka gwada horon fuskar a Amurka kan yara masu matsanancin saurin fushi, layin ya matsa kamar yadda aka zata, amma halin yaran bai fi na waɗanda aka yi wa horon bogi sauyawa ba. A ganina dalilin ba ɓoyayye ba ne. Mutum na zaune a ɗaki mai sanyi, cikinsa a ƙoshe, ba wanda ke kallonsa, yana danna maɓalli. Fushi kuwa a rana yake zuwa, a gaban jama'a, da bashin mai babur a wuya.

Shi ya sa shirye-shiryen da suka fi ba da sakamako su ne waɗanda suka fito da horon cikin mutane. A birnin Shikago akwai wani shiri na samari 'yan makaranta a unguwannin da ake yawan harbe-harbe. Darasinsu na farko: a haɗa samari biyu, a ba ɗaya 'yar ƙwallo ya dunƙule a hannu, a ce wa ɗayan yana da daƙiƙa 30 ya karɓo ta. Nan take kokawa ke kaurewa. Bayan an gama sai malamin ya tambaya, wa ya gwada cewa "ba ni"? Kusan ba kowa. Me ya sa? "Ai zai ɗauke ni rago." Sai a juya ga mai ƙwallon: da ya roƙa fa? "Da na ba shi mana, ƙwallo ce kawai." Ba a ce musu kada su taɓa ramawa ba, domin malaman sun san a wasu lunguna wanda bai rama ba ya zama abincin kowa. Abin da ake koya musu shi ne su tsaya su duba a wane wuri suke, lungu ne ko aji. Binciken Sara Heller da abokanta da ya fito a 2017 ya nuna kamun da 'yan sanda ke yi wa samarin kan laifin tashin hankali ya ragu da kashi 45 zuwa 50 cikin ɗari a lokacin shirin. Bayan an daina, ragin ya dushe.

Na Laberiya ya fi kusa da mu. A Monrobiya an tattaro maza 999, 'yan daba da masu sayar da ƙwaya da tsofaffin mayaƙa, aka raba su da ƙuri'a: wasu horon mako takwas, wasu kyautar dala 200, wasu duka biyun, wasu ba komai. Masu koyarwar ba likitoci ba ne, yawancinsu mutane ne da suka taɓa irin wannan rayuwa. Ana zama rukuni-rukuni, a kwaikwayi rigima, a tsaya a tsakiya, a sake. Bayan shekara guda tasirin horo shi kaɗai ya yi rauni, kuɗi su kaɗai sun ƙare, amma waɗanda suka haɗa biyun sun ci gaba da rage faɗa da sata. Chris Blattman da abokansa suka koma bayan shekara goma suka tarar bambancin yana nan. Fassarar da suka yi wa abin ita ce kuɗin sun saya wa mutanen 'yan watanni na maimaita sabon halin ba tare da yunwa ta kora su tsohon ba.

Mai karatu Musulmi zai ce ai duk wannan muna da shi, kuma da gaskiyarsa. Suratul Hujurat ta ce a nisanci yawan zato, ta ce a bincika labari kafin a afka wa mutane cikin jahilci a wayi gari ana nadama. Hadisi ya ce mai fushi in yana tsaye ya zauna, in bai tafi ba ya kwanta, wanda shi ne kwantar da jikin da binciken Bushman ya dawo ya tarar. An hana alƙali yin hukunci yana cikin fushi. Mai azumi an ba shi jimla a shirye tun kafin a tsokane shi: in an zage shi ya ce shi mai azumi ne. Maƙwabtanmu Fulani kuma suna da munyal, wato haƙuri da juriya, a cikin pulaaku, tsarin ɗabi'unsu. Amma akwai wani hadisi na Sulaimanu ɗan Surad da ya kamata masu wa'azi su daɗe a kansa. Mutum biyu suna zage-zage a gaban Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, fuskar ɗaya ta yi ja. Annabi ya ce ya san kalmar da in ya faɗe ta abin zai tafi, wato neman tsari daga Shaiɗan. Da aka isar wa mutumin, sai ya ce shi ba mahaukaci ba ne. Magani ne na gaskiya, daga bakin da ya fi kowane, amma da ya iske shi a tsakiyar wuta sai ya karanta shi a matsayin wani sabon zagi. "Yi haƙuri" da muke ta jefa wa mai fushi sau da yawa haka take isa kunnensa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Abin da muka rasa ke nan, maimaitawa a lokacin sanyi. Mun san kyautata zato a matsayin nasiha, ba mu mai da shi atisaye ba. Kuma atisayen ba ya bukatar kwamfuta. A majalisar shayi, ko a tashar 'yan kilando lokacin da fasinja ya yi ƙaranci, wani ya kawo abin da ya ɓata masa rai jiya, a tambaye shi me idonsa ya gani, a raba shi da abin da ransa ya faɗa masa. "Ya wuce bai gaishe ni ba" gani ne. "Don ya sayi sabon babur yake jin kansa" fassara ce. Sannan a nemi wasu dalilai uku da za su iya sa mutum ya wuce bai yi gaisuwa ba, ko da mai ƙorafin bai yarda da ko ɗaya ba. Ba a bukatar ya yarda. Ana so ne "raini" ya daina zama shi kaɗai a bakin ƙofa. A garuruwanmu ma dalilan a kusa suke, domin a kasuwa guda ana cinikin da Fulatanci da Faransanci da Larabcin Shuwa da Barbarci da Hausa. Wanda ke magana da harshen da ba nasa ba yakan yanke gaisuwa, ya ba da umarni a inda ya so roƙo, ya ɗaga murya a inda mai harshen zai sassauta. Ba ƙaramin "raini" ne ke fitowa daga ƙarancin kalmomi ba.

Akwai inda wannan magana ba ta kaiwa, kuma gara a faɗa. Wanda ya haɗiyi tramol tun asuba, ko ya kwana uku bai yi barcin kirki ba saboda zafi da sauro, birkinsa ya riga ya saki, dalilai ukun ba za su zo masa a kan lokaci ba. Wanda fushinsa ya kai yana farfasa kaya ko yana raunata iyalinsa a kai a kai, asibiti yake bukata, majalisar shayi ba ta isa ba. Wanda kuma ya zauna ya shirya cutar da wani cikin ruwan sanyi, ba kuskuren fassara ke damunsa ba. Kuma wani rainin raini ne na gaske. Matar da ake duka ba ita za a ce ta nemo wa mijinta uzuri uku ba, shi ne zai koyi cewa jinkirin tuwo jinkirin tuwo ne.

Haka nan kada a ɗauki wannan a shafa wa rikicin jama'a. Abin da ya faru a Logone-Birni da ke jihar Arewa Mai Nisa a watan Agustan 2021 tsakanin masunta da manoma Musgum da makiyaya Larabawan Shuwa, ya sake tashi a Disamba har ya kai Kuseri aka ƙona kasuwar shanu, asalinsa ruwa ne da ke ƙarewa da ramukan da masunta ke haƙawa don tare shi, shanu kuma na faɗawa ciki. Hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙirga mutum 44 da suka mutu da ƙauyuka 112 da aka ƙona a tashin na Disamba, dubban mutane suka tsallaka kogi zuwa Cadi. Horon ido ba ya raba ruwa, wannan aikin hukuma ne da sarakuna. Iyakar abin da zan ce shi ne ko a can akwai sa'ar farko, lokacin da saniya ke cikin rami kuma ba wanda ya san ko tarko aka haƙa mata ko tsautsayi ne ya kai ta. Labarin da ya fara isa ƙauye ta waya a wannan sa'ar, da irin kunnen da ya karɓe shi, suna da hannu a yawan gidajen da suka ci wuta kafin gari ya waye.